V-boot ɗina na bugu a ƙasa: boris ɗin tsakiya kawai zan canza ko farfelar gaba ɗaya?

ƊanKontagora_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. Ina da Mercedes V-boot 230E ƙirar 1991, otomatik, wadda na gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Kusan wata biyu ke nan, duk sanda na tashi daga tsaye na ɗan taka totur sai in ji bugu dum-dum-dum daga ƙasan mota, ɗan bayan kujerun gaba. In mota ta ɗauki gudu sai bugun ya lafa, amma daga 60 zuwa sama akwai wani kuka da ke tasowa a hankali. A gosulon Agege zuwa Ikeja abin ya fi damuna, don tashi da tsayawa ba ya ƙarewa.

Na kai wa makanikai biyu. Na farko ya shiga ƙasa, ya kama farfela ya girgiza, ya ce robar da ke riƙe da boris ɗin tsakiya ta yage, a canza ta da boris ɗin, magana ta ƙare. Na biyu ya ce kada in ɓata kuɗina, in je kasuwar kayan mota ta Ladipo in ɗauko farfela tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, sukutum a ɗaura. Ina so in je gida da ita da Babbar Sallah, da iyali a ciki. Wanne zan bi?

Auwalu_Mile12:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni Golf 3 ɗina ta taɓa irin wannan, in na karya kwana sai ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas. Shaf aka canza min, shi ke nan. Ka sa a duba shaf ɗinka.

OgaBala_Makaniki:
Auwalu, ciwon motarka daban, nasa daban. Golf da ƙafar gaba take ja, ba ta da farfela ma sam. Abin da ya yi maka ƙara shi ne gaɓar shaf ɗin tayar gaba. V-boot injinta na gaba, amma tayoyin baya ke tura ta, don haka akwai dogon ƙarfe da ke ɗauko juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya. Shi ne farfela. Tata kashi biyu ce, kuma a inda kashi biyun suka haɗu akwai boris a cikin zoben roba, an ɗaure shi a jikin mota da ƙusa biyu. Robar nan ita ke riƙe tsakiyar farfela kada ta yi lilo, ita ke kuma shanye girgiza.

Malam ƊanKontagora, yadda ka kwatanta ya yi daidai da abin da na farko ya gaya maka. Bugun da kake ji lokacin tashi, farfela ce ke tsalle a inda robar ta yage, don lokacin ne ƙarfin inji ya fi murɗa ta. Kukan da ke ƙaruwa da gudu kuma boris ɗin ne ya bushe. Amma kafin ka sayi komai yi wannan gwajin: a hanyar da ba cunkoso, ka kai 70, ka ɗaga ƙafa daga totur. In kukan yana bin gudun mota, ba ya bin ƙarar inji, to daga farfela ne ko taya ko aksil. Sannan ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama. In kukan na canzawa da karkatawar, boris ɗin taya ne, ba na farfela ba.

Auwalu_Mile12:
To Oga Bala, na ƙaru. Allah ya saka.

Bakatsine_Ladipo:
Ni kullum ina cikin Ladipo, sayo wa mutane kaya nake yi ina aikawa Arewa. Gaskiyar magana na biyun bai yi ƙarya ba. Farfela tokunbo in ka dace da mai kyau, ka huta: ba a taɓa raba ta ba, balas ɗinta na kamfani, wato daidaiton nauyinta, yana nan, ɗaurawa kawai za a yi. Masu V-boot da Marsandi 190 da yawa haka suke yi. Matsalar raba farfela ita ce hannun da zai raba ta.

Injiniya_Yaba:
Bakatsine, ina da ja a nan. An daina ƙera V-boot tun tsakiyar shekarun 1990. Ke nan duk farfelar da za a ciro daga wata V-boot, ƙarfen ya kai shekara talatin ko kusa, kuma sai dai in mai motar can Turai ya taɓa canza robar, ita ma shekarunta ke nan. Roba ko ba a mora ta ba tana tsufa, tana bushewa, tana tsagewa. Ka sayi tokunbo, ka sayi tsohuwar roba a kan kuɗin farfela guda. Wata uku a zafin Legas da ramukanta sai ka koma inda ka fito.

Ni a ganina ƙarfe ake saya tokunbo, roba kuwa sabuwa.

Bakatsine_Ladipo:
Sabuwar wace iri? Nan fa gizo ke saƙar. Kwalin da za a nuna maka da suna mai kyau a jiki, na ciki kuma Allah kaɗai ya san inda aka yi shi. Akwai sabuwar robar da tsohuwar Jamus ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba. Shi ya sa mutane ke gudun sabo, ba don ba su da hankali ba.

Injiniya_Yaba:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma maganin jabu shi ne a nemi na ƙwarai, ba a koma wa wanda ya riga ya gaji ba.

Baba_TsohonDireba:
Salamu alaikum yara. Na ga ana maganar abin da na sani, bari in sa baki.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina jan mota tsakanin Ikko da Arewa. Fijo 504 na fara ja, ta Kaduna. Ita wannan farfelarta a cikin bututun ƙarfe take, ba ka ganin ta tana juyi, ruwa da ƙasa ba sa samun ta kai tsaye. Da na koma jan Marsandin wani maigidana sai na tarar da wani tsari daban, farfela a fili, roba gaba, roba tsakiya, roba baya. Wata tafiya, mun haye gadar Jebba da dare muna nufin Mokwa, sai bugu ya tashi a ƙasa kamar ana daka. Na tsaya, na haska tocila, na ga robar tsakiya ta rabu biyu, farfela na kwance a kan ƙarfen da ke zagaye da ita. Ba gari kusa, ba makaniki. Tsohon tiyub na yanka na cusa a kewayen boris ɗin, na ɗaure da waya, muka lallaɓa da gudun 40 har Mokwa. Da safe aka nemo wata.

Abin da ya sa na ba da labarin nan, ɗana ƊanKontagora, hanyar da za ka bi ita ce wannan. Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, sannan ka miƙa Kontagora. Ba hanyar da za ka shiga da mata da yara ba ce kana jin bugu a ƙasa. Kuma dabarar tiyub ta fitar da kai daga daji ce kawai. Na san wanda ya bar ta a haka ya ci gaba da aiki, har ta ci masa faifan robar gaba.

ƊanKontagora_Agege:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi tunanin hanyar nan ne ya hana ni barci.

Oga Bala, na yi gwajin da yamma a kan titin Legas zuwa Abeokuta. Kukan gudun mota yake bi, kuma karkata sitiyari bai canza shi ba.

OgaBala_Makaniki:
To madalla, mun matso. Yanzu saurara da kyau, don abin da zan faɗa shi ne bambancin aikin da zai yi shekaru da wanda zai yi wata biyu.

Robar nan ba kasafai take mutuwa ita kaɗai ba. Tsufa na kashe ta, i, amma sau da yawa akwai abin da ya taimaka. In an sauke farfelar, ka tsaya a wajen, ka sa a nuna maka abu huɗu da idonka. Faifan roba mai ƙofa shida da ke haɗa farfela da giyabos, da ɗan'uwansa na wajen aksil: in ka ga tsaga ko zare ya fito, canza su za a yi. Robar da giyabos ke zaune a kai: in ta zauna, bakin giyabos ya yi ƙasa, farfela ta daina tafiya a miƙe, nauyin sai ya koma kan robar tsakiya. Kwanon da ke tsakanin salansa da farfela, mai kare zafi: motoci da yawa a Legas an cire shi ranar da aka yi waldar salansa ba a mayar ba, zafi ya riƙa gasa roba kullum. Na huɗu, kuma shi ne babba, kuros ɗin da ke tsakiyar farfela, wato gaɓar ƙarfen da ke ba ta damar lanƙwasawa. Ka kama shi da hannunka ka lanƙwasa gaba da baya, hagu da dama. Ya kamata ya tafi sumul. In ka ji yana cijewa a wani wuri, ko yana da wasa, to ko robar zinariya ka sa zai cinye ta.

A nan ne maganar makanikinka na biyu take shigowa. Kuros ɗin farfelar Marsandi ba irin na Hiace ko Hilux ba ne da ake cire zobe a fitar a sa sabo. Nata a kamfani aka danne bakinsa, ba a yi shi don a riƙa canzawa ba. In ya mutu, hanya mafi sauƙi ita ce wata farfelar. Saboda haka ni ba zan ce maka wannan ko wancan ba tukuna. Kuros ne zai yanke hukunci. In lafiyarsa lau, ka riƙe farfelar Baba, ka canza roba da boris. In ya mutu, ka sayi tokunbo, amma ita ma ka sa mata sabuwar roba da sabon boris kafin a ɗaura.

Bakatsine_Ladipo:
Wannan na yarda da shi. Kuma in tokunbon za a saya, a tafi da tsohuwar a gwada tsawo. Ta otomatik da ta manuwal ba lallai su zo ɗaya ba, ta mai silinda huɗu da ta mai shida ma haka, har faifan robar girmansa na bambanta. Kada ka yarda da "ai duk V-boot ce".

Hajiya_MaiHiace:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san ciki da wajen inji ba, amma ina da bas biyu Hiace da ke ɗauko min kaya, kuma kuɗin gyaransu daga jakata yake fita, don haka dole na koyi wasu abubuwa. Abin da na lura, duk shekara bayan damina sai ɗaya daga cikinsu ta fara wannan kukan. Direbobi ba sa jin magana, in ruwa ya cika titi sai su kutsa, wai kada a makara. Ruwan nan da yashi da datti yake shiga boris ya wanke giris. Malam, in kana bin unguwannin da ruwa ke kwanciya a watan Yuni da Yuli, ka sa wannan a lissafi.

Sannan ina da tambaya ga Oga Bala. Wani yaro ya taɓa ce min ba sai an canza boris ba, a buɗe shi a cusa giris kawai. Haka ne?

OgaBala_Makaniki:
Hajiya, barka da yamma. Boris ɗin nan rufaffe ne, da giris ɗinsa yake zuwa, an toshe gefe biyu. In har ya fara kuka, ƙwallayen ciki da hanyar da suke bi sun riga sun ci juna. Giris zai rufe masa baki na ɗan lokaci, ba zai warkar da shi ba. Kuma wahalar aikin duk a sauke farfela take, kuɗin boris ɗin kansa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya sauke farfela ya mayar da tsohon boris ya yi aikin banza.

Hajiya_MaiHiace:
Na gode. Haka na yi zato, shi ya sa ban yarda ba.

Nura_Obalende:
Ku gafarce ni in na fita daga layi. Ni Highlander gare ni mai ja da ƙafa huɗu, ita ma farfelarta na girgiza. An ce min a cire ta kawai a ajiye, mota za ta ci gaba da tafiya da ƙafar gaba, har ma ta rage shan mai. Abokaina biyu sun yi haka. Shi ƊanKontagora ba zai iya yin haka ba?

Injiniya_Yaba:
Nura, in aka cire farfelar V-boot ko taku ɗaya ba za ta yi ba, don ita kaɗai ce hanyar da ƙarfi ke bi zuwa taya. Taka kuwa ya danganta da tsarin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma ba duk shekarun Highlander ne tsarinsu ɗaya ba. Wata za ta tafi, wata kuma abin da ke rabon ne zai riƙa wahala har ya lalace, gyaransa ya fi na farfela tsada. Ka buɗe naka zancen daban ka faɗi shekarar motar, kada mu cakuɗa wa bawan Allah nasa.

Malam_IdiAraba:
Ni tambayata ɗaya. Mota ta shekara talatin da wani abu, yau farfela, gobe giyabos, jibi wani abu. Ba gara ka sayar ka haɗa kuɗi ka nemi ƙaramar Corolla ba? Ita ba ruwanta da farfela, ga sauƙin mai. Ba don raini na faɗa ba, lissafi nake dubawa.

ƊanKontagora_Agege:
Malam, na fahimce ka, kuma ba kai ne na farko da ya faɗa min ba. Motar nan a cikinta Baba ya kai ni makaranta, a cikinta aka kai mahaifiyarmu asibiti ranar da aka haifi autarmu. Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. In dai gyaran roba da boris ne, zan yi. Ranar da ta fi ƙarfina zan sani.

Baba_TsohonDireba:
Riƙe abinka, ɗana. Roba ce ta gaji, ba mota ba.

Injiniya_Yaba:
Mu dawo kan aikin. Akwai abu ɗaya da ban ga an nanata ba, kuma shi Bakatsine ya taɓo da ya ce matsalar hannun da zai raba ta ne. Kashi biyun farfelar nan a haɗe aka yi musu balas a kamfani. Suna shiga juna ne ta haƙora, kuma haƙoran za su yarda su shiga ta kowace fuska ka juya su. In aka zare ba a yi alama ba, aka mayar haƙori biyu ko uku gefe, balas ya tafi.

Ga dalilin da ya sa abin ba wasa ba ne. Tayar V-boot mai lamba 195/65 R15 zagayenta kusan mita 2 ne. A gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 840 a minti. Farfela kuma tana juyawa fiye da sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya, ke nan sama da 2,500 a minti. Ƙarfe mai wannan tsawo yana wannan juyi, ɗan nauyi kaɗan ya karkata gefe guda, duk motar za ta ɗauka.

Don haka kafin a kwance komai, a sa fenti ko a ɗan sassaƙa alama: tsakanin kashi na gaba da na baya, tsakanin farfela da bakin giyabos, tsakanin farfela da bakin aksil. Wasu farfelolin Marsandi suna da alamar kamfani a jiki, amma datti da tsatsa kan rufe ta, ka yi taka. Sannan ka ɗauki hoto da wayarka kafin a cire tsohuwar robar, don tana da gaba da baya, haka ma ƙananan kwanonin da ke kare boris daga ƙura. Yaran gareji kan juya su.

OgaBala_Makaniki:
Injiniya ya gama magana. In ƙara biyu. Kada a buga sabon boris da guduma kai tsaye. In za a zura shi a jikin farfela, a sami bututun da ya yi daidai da zoben ciki a tura ta nan. In aka bugi zoben waje, ƙarfin dukan ta cikin ƙwallayen zai bi, boris ya sami tabo tun bai fara aiki ba. Kuma notocin faifan roba masu kulle kansu ne, sabbi ake sawa.

Na biyu, don masu son yi da kansu a gida: da zarar an kwance farfela, giyar fakin ba ta riƙe mota kuma. A sa dutse ko katako a tayoyi, a taka birkin ajiya, wanda a V-boot na ƙafa ne a gefen hagu. Kuma kada ɗan Adam ya shiga ƙarƙashin mota jek kaɗai na riƙe da ita. Mun rasa wani yaro a wani gareji da na taɓa zama saboda wannan, har yau ban manta ba.

Auwalu_Mile12:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa.

Bakatsine_Ladipo:
Amin. ƊanKontagora, in za ka zo kasuwa, ka zo da tsohuwar robar da boris ɗin a hannu. Lambar boris na rubuce a gefensa. Na ƙarshe da na saya wa wani mai V-boot 6006 ne, amma ka karanta naka. Shawarata, robar ka saye ta daban, boris ɗin kuma ka je wajen masu sayar da boris zalla. Robar ka matsa ta da yatsa, ka ja ta kaɗan: ta ƙwarai tana da tauri da dawowa, ba ta ƙyalli kamar leda, kuma inda ta manne da ƙarfe ba ka ganin rata. Ranar Alhamis kada ka yi sammako, ana tsaftar kasuwa da safe, sai wajen ƙarfe 10 ake buɗewa.

ƊanKontagora_Agege:
'Yan'uwa, ga yadda aka yi. Ranar Asabar na kai wa makaniki na farko, na zauna tun safe har la'asar. Sai da aka sassauto salansa kafin a kai ga farfelar. Abin da Oga Bala ya lissafa kusan duk na gani. Robar tsakiya ta yage fiye da rabi. Boris ɗin in ka juya shi da hannu kamar akwai yashi a ciki. Faifan robar gaba ya tsattsage, na baya da sauƙi amma na ce a canza duka. Robar giyabos ta zauna. Kwanon kare zafi kuwa babu shi sam, sai ramukan ƙusoshinsa, na sa an nemo tokunbo an ɗaura. Fenti da hannuna na shafa a wuri uku kafin a raba.

Kuros ɗin ne ban gane ba. Ba shi da wasa, amma ta fuska ɗaya in na lanƙwasa ina jin kamar yana ɗan tsayawa a tsakiya kafin ya wuce. Makanikin ya ce duk tsohuwar Marsandi haka take, ba komai. Na yarda aka mayar.

Yanzu bugun tashi ya tafi gaba ɗaya, kukan ma babu, alhamdu lillahi. Amma jiya na hau gadar Third Mainland, daga 90 zuwa 100 ina jin wata 'yar girgiza a ƙasan kujera, ba a sitiyari ba. Da can ban lura da ita ba, ko don bugun ya rufe ta ne, ban tabbata ba.

OgaBala_Makaniki:
Tambaya ɗaya. Lokacin da aka ɗaure ƙusoshi biyu na robar tsakiya da babban notin da ke kan haƙoran da kashi biyun farfela ke haɗuwa, motar na sama ko tana ƙasa a kan tayoyinta?

ƊanKontagora_Agege:
Tana sama, a kan ƙarafan tokari. Sai da aka gama ɗaure komai aka sauke.

OgaBala_Makaniki:
To fara da nan, don ba ya cin kuɗi. A Marsandi ana barin waɗannan a sassauce, a sauke mota, a tura ta gaba da baya sau da yawa, farfela ta nemi tsawonta da kanta, sannan a shiga rami a ɗaure. In an ɗaure tana sama, robar na iya zama a ja ko a matse. Ka nemi gareji mai rami, aikin minti talatin ne in salansa bai tare hannu ba.

Mai_BMW_Festac:
A tsohuwar BMW ɗina kuma akasin haka ne, ana ɗan tura robar gaba milimita kaɗan kafin a ɗaure. Na faɗa ne don kada mai irin tawa ya karanta ya bi na Marsandi.

Injiniya_Yaba:
A yi abin da Oga Bala ya ce, amma ni zuciyata na kan kuros ɗin nan. Wannan ɗan tsayawar da ka ji a tsakiya ita ce farkon cijewa. Tsohuwar roba da ta saki tana ɓoye ta, sabuwa mai tauri kuma sai ta miƙo maka ita har kujera. In haka ne, robar da ka sa ba za ta yi tsawon rai ba.

Bakatsine_Ladipo:
Ka ga abin da na faɗa tun farko. Da tokunbon aka ɗauko da yanzu an wuce wajen.

Injiniya_Yaba:
Ko kuma da yanzu yana da farfelar da kuros ɗinta ya fi nasa cijewa. Sai an taɓa da hannu ake sani, Bakatsine.

Baba_TsohonDireba:
Ku dakata da farfela tukuna. Yaushe rabonka da yin balansin tayoyin baya? Girgizar da ke zuwa a 90 zuwa 100, a kujera ba a sitiyari ba, ni a sanina tayar baya ake fara tuhuma. Ramukan Legas na lanƙwasa rim ba ka sani ba. Mayar da na baya gaba, na gaba baya, ka sake hawa gadar. In girgizar ta dawo sitiyari, ka kama ɓarawonka.

Hajiya_MaiHiace:
Maganar Baba ta yi min. A fara da mai araha. Sau biyu ana sa ni sayen kaya masu tsada, ashe taya ce ta kumbura.

OgaBala_Makaniki:
Duka biyun a yi su rana ɗaya, amma ɗaya bayan ɗaya, a gwada mota a tsakani, don a san wanne ne ya yi magani. Girgizar farfela tana da sauri, kamar ƙugi a ƙasan mota, har madubin ciki kan yi dishi-dishi. Ta taya kuwa a hankali take, kana iya jin bugunta ɗaya-ɗaya. Ka saurara da kyau wannan karon.

ƊanKontagora_Agege:
Kamar ƙugi ce, Oga, amma madubin ban duba ba. Gobe in Allah ya kai mu zan fara juya tayoyin da safe in gwada, sannan in nemi mai rami a nan Agege a sassauta a sake ɗaurewa. Bakatsine, don Allah ka fara duba min farfela mai kuros mai kyau ta 230E otomatik, kada ka biya tukuna, ka dai riƙe min magana. Saura mako uku tafiyar.

Bakatsine_Ladipo:
Ba damuwa. Auno min tsawon taka daga faifai zuwa faifai, ka turo min da hoton bakin gaba.